Abin da Fim Ɗin Indiya Bai Nuna Muku Ba

'Ya'yana da jikokina, ku rage sautin talabijin ɗin nan, ku matso kusa. Daren jiya na leƙo falo na tarar kun yi tsit, ana bikin Indiyawa, amarya cikin jan sari, hannu ya sha lalle har gwiwa, ango bisa farin doki ana yi masa kiɗa. Na ji ɗayarku tana cewa ita dai da a can aka haife ta. Ban tanka ba, don na san daga inda maganar ta fito. Muna 'yan mata ba a barin mace ta je sinimar Plaza ko Orion, yayyenmu maza ne ke zuwa su dawo su ba mu labari a tsakar gida, har da kwaikwayon kukan uwar jarumi. Da talabijin ya shigo gidaje, daga baya bidiyo ya biyo, muka kalli Mother India har muka haddace ta. Mun so mutanen nan saboda mun ga kunya irin tamu, da girmama iyaye, da 'yar da ba ta iya haɗa ido da mahaifinta. Har gobe ina son su. Shi ya sa abin da zan gaya muku yake yi mini ciwo.

Da kakanku ya kwanta rashin lafiya, Allah ya jiƙansa, ni na raka shi jinya Delhi, muka yi wata huɗu. Wata rana aka tura mu ɗaukar hoton ciki, muna zaune a layi, sai na ga wani allo manne a ƙofar ɗakin, da rubutun Hindi da na Turanci. Na tambayi yaron da ke yi mana tafinta, ya ce sanarwa ce cewa a nan ba a gaya wa mai ciki ko namiji za ta haifa ko mace, kuma duk likitan da ya faɗa kurkuku zai tafi. Tun 1994 aka kafa dokar. Na ce to mene ne aibin mace ta san irin kayan jaririn da za ta saya? Ya yi shiru jim, sannan ya ce, Mama, idan aka ce mace ce, sau da yawa cikin ba ya kai wata tara.

Na kwana da maganar nan a raina. Ƙidayar da suka yi a 2011 ta nuna cewa a yara 'yan ƙasa da shekara bakwai, ga kowane maza 1,000 mata 919 ne kawai. A jihar Haryana, wadda take maƙwabtaka da Delhi, 834 ne. Ku dubi giɓin nan, ku tuna cewa 'ya'yan mutane ne. Yau a wasu ƙauyukan Haryana samari sun rasa matan aure, har sai an bi dillalai an sayo musu daga Assam ko Bengal ko Bihar, a kawo yarinyar da ba ta jin yarensu, ba ta da kowa a garin. Paro suke kiran irin waɗannan matan, kuma kalmar ba ta girmamawa ba ce.

Me zai sa uwa ta ji tsoron haihuwar 'ya mace? Amsar tana cikin kalma ɗaya da na ji ta a bakin kowa a can, wato dahej. Musulminsu masu jin Urdu suna cewa jahez. A wurinmu namiji ne ke biyan sadaki, ya haɗa lefe, kuma addini ya ce sadakin nan haƙƙin mace ne ita kaɗai. A can iyayen amarya ne ke biyan gidan ango. An ce asalin abin kyauta ce da ake ba 'ya ta zama mallakinta, gwal da sutura, suna kiranta stridhan. Sannu a hankali kyauta ta rikiɗe ta zama farashi, ta tashi daga hannun amarya ta koma hannun uwar miji. Da can al'adar manyan gidaje ce a arewacin ƙasar, amma a ƙarnin da ya wuce ta bazu har cikin talakawa, har kudu, har gidajen Kirista da na Musulmi, har wuraren da a da ango ne ke biya. Gwamnati ta haramta dahej tun 1961. Duk da haka, da masu bincike suka bi diddigin aure 40,000 da aka ɗaura a karkarar Indiya tsakanin 1960 da 2008, sun tarar an biya shi a kashi 95 cikin ɗari.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne boko bai kashe al'adar ba, sai ma ya tsara mata farashi. Likita da kuɗinsa, injiniya da nasa, babban ma'aikacin gwamnati ya fi su duka tsada. Ranar Lahadi jaridunsu kan cika shafuka da tallar neman aure, an jera su bisa jati, wato ajin da aka haifi mutum a ciki, kowa na neman fara doguwa mai digiri. Abin da ake nema ma ya bi zamani. Kakanninsu keke da agogo da rediyo suka nema, iyayensu babur da firji, su kuma mota da gida a bene.

Akwai wata baiwar Allah da nake so ku riƙe sunanta, Satya Rani Chadha. A 1979 aka kira ta aka ce 'yarta ta ƙone a gidan miji a Delhi. Yarinyar tana da ciki. Kafin nan surukin ya matsa a saya masa babur. A shekarun nan haka labarin yake zuwa kullum: amarya tana girki, risho ya yi bindiga, sari ya kama da wuta. Ba a taɓa jin rishon ya fashe da uwar miji ba, ko da ƙanwar miji, sai da amaryar da iyayenta suka kasa cika alkawari. Satya Rani ta ƙi karɓar labarin risho. Ta ɗauki hoton 'yarta ta shiga titi, ta bi kotu-kotu, tun tana da ƙarfi har ta tsufa, sai a 2013 babbar kotun Delhi ta tabbatar da hukunci a kan surukin. Shekara 34 ke nan. Ta rasu a shekarar da ta biyo baya. A hanyar nan ta haɗu da wata uwa Musulma, Shahjahan Apa, ita ma a kan jahez aka kashe mata 'ya. Su biyun da wasu mata suka kafa Shakti Shalini a 1987, gidan da matar da aka matsa wa za ta gudu ta fake. Kukan irin waɗannan iyaye ne ya sa a 1983 aka mai da azabtar da mata a gidan miji laifin da ake kama mutum a kansa, a 1986 kuma aka ce duk matar da ta yi mutuwar da ba a gane kanta ba cikin shekara bakwai da aure, in dai an san ana matsa mata a kan dahej, to miji da danginsa su ne abin tuhuma, ɗaurin kuma ba ya gaza shekara bakwai.

Dokar tana nan, mutuwar ma tana nan. Hukumar da ke tattara alƙaluman laifuka a ƙasar ta lissafa mutuwar dahej 6,450 a 2022 kaɗai. Ku raba da kwanakin shekara, mace 17 ko 18 ke nan kowace rana, kuma waɗanda aka kai rahotonsu ke nan.

Kada ku ce ai jahilci ne. Kerala ita ce jihar da ta yi suna wajen ilimi a Indiya, daga can ne mafi yawan ma'aikatan jinyar da suka kula da kakanku suka fito. A can ne a watan Yunin 2021 aka tsinci gawar wata ɗalibar likitancin gargajiya a gidan mijinta a gundumar Kollam. Mijin ma'aikacin gwamnati ne a hukumar kula da motoci. Iyayenta sun ba shi zinare kimanin giram 800, da fili fiye da eka guda, da sabuwar mota. Laifinta shi ne motar ba irin wadda yake so ba ce. Ya dinga dukanta a kan haka, har ta ɗauki hoton raunukan jikinta ta tura wa danginta ta WhatsApp. A 2022 kotu ta ɗaure shi shekara goma.

A nan nake so ku tsaya tare da ni, don nan ne zuciyar maganata. Duk labarin irin wannan da na bi, na tarar yarinyar ta faɗa. Ta faɗa wa uwa, ko 'yar'uwa, ko ƙawa. Ba a ɓoye ta mutu ba. Amsar da ake ba ta ita ce irin wadda ku ma kuka sani: yi haƙuri, kowane gida haka yake, idan kika haihu zai daina. Suna da wata magana da suke yi wa amarya ranar kai ta, cewa a kan doli ta bar gidan ubanta, wato abin da ake ɗaukar amarya a kafaɗa, kuma ba ta barin gidan miji sai a kan makara. Suna kiran 'ya mace paraya dhan, dukiyar wasu da aka ba ka ajiya. Sannan akwai tambayar da ke mulkin gidajensu fiye da kowace doka, log kya kahenge, me mutane za su ce? Uban da ya sayar da gona ya ci bashi ya aurar da 'ya, idan ta dawo, kuɗin sun tafi, ƙannenta mata kuma sun yi baƙin jini a kasuwar aure. Sai ya share mata hawaye, ya saya wa suruki abin da ya nema, ya mai da ita da hannunsa. Yana sonta, wallahi yana sonta. Tsoron bakin mutane ne ya fi ƙarfinsa.

Wata ma'aikaciyar jinya da muka saba da ita a can ta taɓa tambayata yadda muke yi idan miji ya daki mace. Na ce tana yin yaji. Na yi mata bayani, cewa mace takan ɗauki mayafinta ta tafi gidan iyayenta ko na waliyyinta, miji ya biyo bayanta da manyansa a yi biko, a zauna a ji ta bakin kowa, a ja masa kunne, in ya gyaru ta koma, in bai gyaru ba a rabu, ta gama idda wani ya fito. Ta riƙe baki, ta ce har wani zai aure ta bayan ta fito? Na ce har da lefe. Ranar na gane darajar abin da muke da shi. Ba ina yabon yawan sakin da ake yi a ƙasarmu ba ne, wannan ciwo ne da ke cin 'ya'ya, kuma na sha faɗa a kansa. Amma yaji ƙofa ce da kakanninmu suka bari a buɗe da gangan, kuma ta ceci rayukan da ba mu san adadinsu ba. Abin da ke damuna shi ne na fara jin iyayen zamani suna cewa, bayan miliyoyin da muka kashe a bikin nan, kada ki kuskura ki dawo mana. Duk ranar da na ji haka sai in tuna Delhi.

Kuma ku dubi kayan ɗaki da gara da idon basira. A da gado ne da katifa da tasoshi da 'yan kwalla, uwa ta yi wa 'yarta gwargwadon ƙarfinta, kuma kayan na yarinya ne. Yanzu dangin ango ke shiga ɗaki ranar jere suna latsa kujeru, suna tambayar ko 'yan waje ne, ana ƙirga buhunan gara, a yi wa amarya gori shekara da shekaru idan sun gaza. Ba mu kai ga risho ba, Allah kada ya kai mu. Amma su ma ba da risho suka fara ba, da gori suka fara. Kada kuma ku ce Musulunci zai tsare mu ko da mun ƙi binsa. A 2021 wata matashiya Musulma a Ahmedabad ta ɗauki bidiyon kanta tana bankwana, sannan ta faɗa kogin Sabarmati, bayan doguwar fitina da mijinta wadda mahaifinta ya ce har da neman kuɗi a ciki. Limaman ƙasar sun yi ta huɗuba a kan jahez bayan haka. Ku samari, ranar da aka kawo muku mata, idan kun ji wata gwaggo ta fara raina kujeru, ku ne za ku tsayar da ita cikin ladabi. Amarya ba ta da bakin yin haka, ku kuna da shi.

Akwai wani nau'in kisan da ba kuɗi ke jawo shi ba, izzat ke jawo shi, wato mutuncin gida. Fim ya nuna muku uba mai taurin kai da ke saki hannun 'yarsa a tashar jirgin ƙasa ta ruga wurin masoyinta. A ƙasa ba haka abin yake yawan ƙarewa ba. Auren da ya tsallake jati bai wuce kamar kashi biyar cikin ɗari ba a duk ƙasar. A 2007 wasu matasa biyu, Manoj da Babli, daga wani ƙauye a gundumar Kaithal ta Haryana, suka yi aure. Jatinsu ɗaya, amma gotra ɗinsu ma ɗaya, wato kakan kakanninsu guda, kuma majalisar dattawan ƙabila da ake kira khap tana ɗaukar irin waɗannan a matsayin wa da ƙanwa. Kotu ta ba da umarni a tsare lafiyarsu. Duk da haka aka sauko da su daga motar haya a hanya aka kashe su, aka jefa gawarwakin a magudanar ruwan noma. Waɗanda suka yi aikin su ne yayan yarinyar da baffanninta da 'ya'yan dangi. Mahaifiyar Manoj, gwauruwa ce, ƙauye ya juya mata baya, amma ta tsaya a kan shari'a har a 2010 kotu a Karnal ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa, daga baya babbar kotu ta sassauta. A 2018 kotun ƙolin ƙasar ta ce babu khap ko dangin da ke da ikon shiga tsakanin baligai biyu da suka yarda da juna. Idan kuna son fim ɗin da ya faɗi gaskiya a kan wannan, ku nemi Sairat na 2016, wanda aka yi da harshen Marathi. Ba a tashi daga kallonsa da murmushi.

Ni mai goyon bayan a nemi yardar iyaye ce, kun sani. Waliyyi yana da matsayinsa, kuma babba yana hango abin da yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Amma ku lura da hannun da ke riƙe wuƙar a waɗannan labarai. Kusan kullum hannun matashi ne, yaya ko ɗan baffa, wanda dattawa suka zuga suka ce masa shi ne namijin gidan. Su sukan koma gindin bishiya su ci gaba da hira, shi ya ƙare rayuwarsa a kurkuku da jinin wadda suka sha nono ɗaya. Ku mazan gidan nan, ƙannenku mata amana ce. Idan ɗaya ta yi kuskure, ko da babba ne, ku zama wanda za ta fara kira.

Sai kuma saurayin da aka ce masa a'a. Finafinan nan sun koya wa yara maza, nasu da namu, cewa idan yarinya ta ƙi ka, ka yi ta binta, ka tare mata hanya, ka yi mata waƙa, ƙarshe za ta sauko. A 2005 wata yarinya 'yar shekara 15 a Delhi, Laxmi Agarwal, ta ƙi wani mutum da ya ninka ta a shekaru. Ya tare ta a kusa da kasuwa aka watsa mata ruwan batir a fuska. Ta rayu, ta kai ƙara har kotun ƙoli, a 2013 aka sa ƙa'ida a kan sayar da ruwan, wanda a da ake saye a kanti kamar sabulu. Labarinta ne aka yi fim ɗin Chhapaak a kansa. Hausawa sun daɗe da gama magana, son maso wani ƙoshin wahala. Wadda ta ce ba ta yi da kai, ka yi mata fatan alheri ka kama gabanka, zafin yana wucewa. Na ga ya wuce wa mutane da yawa.

Yanzu zamani ya kawo nasa. 'Yan mata na barin ƙauye su tafi aiki Bengaluru da Pune da Gurgaon, suna da albashinsu da wayarsu, suna haɗuwa da samari a manhajar waya, wasu har su zauna tare ba aure. Tsofaffin igiyoyi sun saki, sababbi ba su ɗauru ba. A 2022 Delhi ta girgiza da labarin wata budurwa daga yankin Mumbai. Ta haɗu da saurayi a manhaja, gidansu suka ƙi shi, ta zaɓe shi ta bar gida, zumunci ya yanke. Tun 2020 ta rubuta wa 'yan sanda cewa yana dukanta kuma yana barazanar kashe ta, daga baya ta janye. 'Yan sanda sun ce a watan Mayun 2022 ya kashe ta a ɗakin da suke haya a unguwar Mehrauli, ya ɓoye gawar a firji, yana fitar da ita kaɗan-kaɗan. Ba a gano ba sai a watan Nuwamba, bayan wani abokinta ya lura ta yi shiru ya sanar da gida. Da yake addininsu ba ɗaya ba ne, 'yan siyasa suka mai da abin rigimar addini. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne watanni shidan nan. 'Yar mutum ta yi wata shida ba ta duniya, babu wanda ya saba jin muryarta kullum balle ya ce yau ban ji ta ba. Addininmu ya hana irin wancan zaman ba aure, kuma hanin rahama ne. Amma ko wane irin saɓani ya shiga tsakaninku da gida, kada ku yarda wani ya raba ku da kowa naku har ya zama shi kaɗai ya san inda kuke kwana. Mai son ki da gaskiya so yake danginki su san fuskarsa. Mu iyaye kuma, fushi da ɗa ba ya hana a kira shi a waya.

Ba zan yi muku adalci ba idan na bar ku da tunanin cewa maza ne kaɗai ke zalunci. A yawancin shari'o'in dahej akwai uwar miji a cikin waɗanda ake tuhuma, macen da ita ma aka taɓa kawowa amarya tana kuka. A watan Mayun 2025 wani ango daga Indore ya tafi yawon cin amarci da matarsa jihar Meghalaya, kwanaki kaɗan bayan biki, aka tsinci gawarsa a cikin kwazazzabo. 'Yan sanda sun zargi amaryar da haɗa baki da wani da take so tun kafin auren. A Disambar 2024 kuma wani injiniya a Bengaluru ya kashe kansa, ya bar doguwar wasiƙa da bidiyo yana cewa an yi amfani da ƙararrakin ƙarya an ƙuntata masa. Ita kanta kotun ƙoli tun 2014 ta hana 'yan sanda kama miji da danginsa da zarar an kai ƙara ba tare da bincike ba, don ta ga ana mai da dokar makamin ramuwa. Duk macen da ta yi ƙarya da dokar nan, ta ci amanar su Satya Rani da suka ƙarar da rayuwarsu kafin a samu dokar, kuma ta sa gobe ba za a yarda da mai gaskiya ba.

Labarin amaryar Meghalaya bai yi mana nisa ba. A 2014 nan jihar Kano aka gurfanar da yarinya 'yar shekara 14 bisa zargin sa wa angonta guba a abinci. 'Yan matana, idan ba kwa son mutum, ku faɗa tun kafin a sa rana. Idan kunya ta hana ku gaya wa mahaifinku, ku gaya wa gwaggo, ku gaya mini. Kunyar rana ɗaya ce, za a yi surutu a gaji. Addini ya ce a nemi izininku, kuma shirun da ake ɗauka a matsayin yarda shirun kunya ne, ban da na tsoro. Kada ku karɓi lefen wani alhali zuciyarku na wurin wani, kuna cewa a gaba za a san yadda za a yi. A wannan "gaba" ɗin ne Shaiɗan yake jira.

Ba na so ku tashi daga nan kuna raina Indiyawa. Ƙasa ce ta mutum fiye da biliyan ɗaya da miliyan ɗari huɗu, mafi yawan gidajensu lafiya lau suke zaune, kuma duk abin da na lissafa muku su da kansu suka tona shi, suka yi zanga-zanga, suka kai kotu. Aamir Khan da kuke so, a 2012 ya yi shirin talabijin mai suna Satyamev Jayate, ya zaunar da ƙasar gaba ɗaya ta saurari matan da aka tilasta wa zubar da cikin 'ya mace da waɗanda dahej ya tagayyara. Akwai samarin da ke mai da tulin kuɗin da aka miƙo musu ranar biki, su ɗauki rufi ɗaya da kwakwa guda don albarka. Ma'aikaciyar jinyar nan da na gaya muku, shekararta ta shida ke nan tana aikin dare tana tara wa ƙanwarta zinare. Ranar da aka sallame mu ta rako mu har bakin mota, ta ce mini ta yanke shawara, kuɗin makaranta za ta biya wa yarinyar da su, wanda zai aure ta ya aure ta haka. Ban san yadda suka ƙare da mahaifinsu ba. Ina sa ta a addu'a har yau.

Ke kuma uwar ɗakina, da za a kai ki bayan babbar Sallah, matso nan. Na gaya wa babanki a gaban baffanninki, kayan ɗakin da ƙarfinsa ya kai shi za a yi, ba za a taɓa gonar gado ba, ba za a ci bashi ba. Yaron nan na yaba da hankalinsa, ina kyautata masa zato, kuma ina so ki zauna lafiya a ɗakinki har tsufa, ki yi haƙuri da halin yau da gobe kamar yadda kowace mace da kowane namiji ke yi. Amma haƙuri bai haɗa da duka ba, bai haɗa da tsoro ba. Ɗakin nan da ke jikin nawa, na hana a zuba buhunan masara a ciki, katifarki tana nan a shimfiɗe. Duk ranar Juma'a bayan la'asar zan kira ki, kuma muryarki nake so in ji, ba saƙo ba. Idan kin ce mini lafiya lau alhali ba haka ba ne, zan gane, ni na yi miki wanka na farko a duniya. Tashi ki duba mini tukunyar nan kada miyar ta kama, ku kuma ku mai da sautin ku ƙarasa kallonku.